Idan aka daina ƙara sakan a agogon duniya, me zai sami siginar lokaci ta rediyo da tuƙin jiragen ruwa?

Tambayar da aka aiko ita ce: an ce nan da shekarar 2035 za a daina cusa ƙarin sakan ɗin nan da ake yi wa agogon duniya jefi-jefi. To, tashoshin rediyon da ke watsa lokaci za su ci gaba da aiki yadda suke? GPS zai fara nuna wuri ba daidai ba? Matuƙin jirgin ruwan da ke auna rana da taurari fa, yaya zai yi?

Malam, ka kwantar da hankalinka game da GPS, ba zai kauce ko da taku ɗaya ba saboda wannan sauyi. Agogon bango mai kama siginar rediyo shi ma ba zai san an yi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wata 'yar lamba da ake kira DUT1, wadda ke nuna tazarar da ke tsakanin agogo da juyawar duniya, da kuma duk wani lissafi da aka gina bisa zaton cewa agogon hannunka da juyawar duniya ba za su taɓa rabuwa da fiye da sakan ɗaya ba. Wannan zato gaskiya ne tun 1972, kuma shi ne ake shirin janyewa.

Ma'aunin lokaci uku ne a wannan magana. Na farko TAI, lokacin agogunan atom zalla. Tun 1967 aka ayyana sakan ɗaya a matsayin kaɗawa 9,192,631,770 na atom ɗin siziyam-133, kuma ofishin awo na duniya, BIPM, da ke kusa da Paris yana tara bayanan ɗaruruwan irin waɗannan agoguna daga ƙasashe daban-daban ya fitar da TAI. Na biyu UT1, wanda a haƙiƙa ba agogo ba ne, kusurwa ce: yana gaya maka inda duniya ta kai a juyawarta. Na uku UTC, wanda kowa ke amfani da shi. Tsawon sakan ɗinsa na atom ne, amma ana riƙe shi kusa da UT1 ta hanyar ƙara masa sakan guda cur idan tazarar ta doshi sakan 0.9. Hukumar IERS mai lura da juyawar duniya ce ke yanke hukuncin, tana sanarwa kimanin wata shida kafin lokaci a takardarta ta Bulletin C, kuma zuwa yanzu a ƙarshen Yuni ko ƙarshen Disamba ake yi. A daren, agogo yakan nuna 23:59:59, sai 23:59:60, sannan 00:00:00. Masu sauraron BBC sun san ƙarar nan shida da ke zuwa a kan awa; a daren ƙarin sakan bakwai ake ji.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk lokacin da aka ƙara sakan, duniya ce ta rage gudu da sakan guda. Ba haka ba ne. Sakan na atom an gado shi ne daga lissafin da ya dace da tsawon yini na wajajen 1820, kuma tun daga nan jan da wata ke yi wa tekuna yana tsawaita yini da kimanin milisakan 2 a kowace shekara ɗari (milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan). Idan yini ya fi sakan 86,400 da milisakan 2 kacal, a kwana 500 an tara sakan guda. Kamar bashi ne da ake ci kaɗan-kaɗan kullum, ko ba a ƙara yawan abin da ake karɓa ba jimillar tana hawa. An fara a 1972 da tazarar sakan 10 tsakanin TAI da UTC, aka ƙara sau 27, na ƙarshe a daren 31 ga Disamba 2016, tazarar ta tsaya a sakan 37. Kuma abin ba ya bin tsari: a 1972 sau biyu aka ƙara, daga ƙarshen 1998 zuwa ƙarshen 2005 ba a ƙara ko sau ɗaya ba.

Wannan rashin tsari ne ya gallabi masu kwamfuta da sadarwa, domin ba za ka iya rubuta shi cikin manhaja tun da wuri ba kamar yadda ake rubuta 29 ga Fabrairu. A Nuwamba 2022 babban taron awo na duniya, CGPM, ya zauna a Versailles ya zartar cewa za a faɗaɗa iyakar tazarar UT1 da UTC a 2035 ko kafin nan, ya kuma ɗora wa kwamitinsa aikin kawo sabon adadi da zai bar UTC ya tafi ba tsalle na aƙalla shekara ɗari. Rasha ta ƙi amincewa, ta so a jinkirta zuwa 2040, kuma za ka ga dalilinta a ƙasa. Taron rediyo na ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, da aka yi a Dubai a ƙarshen 2023 ya bi sahu. A lura: ba a soke alaƙar UTC da juyawar duniya ba, igiyar ce aka sassauta sosai.

Yanzu ga rediyo. Ƙa'idar ITU mai lamba TF.460 ta tanadi cewa tashar lokaci ta watsa UTC, sannan ta haɗa da DUT1, wato UT1 a cire UTC, a matakin sakan 0.1. Hanyar da aka tsara tana da ban sha'awa domin kunne kaɗai ya isa. Ka kama tashar WWV da ke Fort Collins a jihar Colorado ta Amurka, a gajeren zango, megahaz 5 ko 10 ko 15. Za ka ji ƙas, ƙas, ƙas, kowane sakan. Bayan ƙarar da ke nuna shigar sabon minti, ka kasa kunne ga sakan 16 na farko. Wasu za ka ji an ninka su, ƙas-ƙas. Idan sakan na 1 da na 2 da na 3 ne aka ninka, DUT1 ƙari ne na sakan 0.3. Idan na 9 da na 10 da na 11 ne, ragi ne na sakan 0.3. Gurbi takwas na ƙari, gurbi takwas na ragi, shi ke nan. Wannan tsari ba shi da bakin da zai furta sakan 0.9, balle sakan 5 ko 40. Lambar da WWV ke aikawa a ƙarƙashin murya don na'urori ta ma fi matsewa: bit uku ne (bit gurbi ne mai ɗaukar 0 ko 1 kawai), 0.1 da 0.2 da 0.4, jimilla 0.7, sai bit guda na alamar ƙari ko ragi.

Tashoshin dogon zango, waɗanda agogunan bango da na hannu ke bi, kowace da nata salon. Dukkansu bit ɗaya ko biyu suke aikawa a sakan, saƙon ya cika a minti guda. WWVB, a kilohaz 60, tana sa alamar DUT1 a sakan na 36 zuwa 38, girmansa a sakan na 40 zuwa 43, iyakarsa 0.9, sannan sakan na 56 gargaɗi ne cewa ƙarin sakan na tafe a ƙarshen wata. MSF ta Birtaniya, da ke Anthorn, ita ma a kilohaz 60, tana bin tsarin gurabe 16 ɗin nan a bit na biyu na kowane sakan. DCF77 ta Jamus, da ke Mainflingen kusa da Frankfurt a kilohaz 77.5, ba ta aika DUT1 sam. Abin da take da shi bit na 19 ne, wanda ke tashi awa guda kafin ƙarin sakan. JJY ta Japan, a kilohaz 40 da 60, ita ma gargaɗin kawai take bayarwa. RWM ta Mosko kuwa, wadda ita ta gajeren zango ce, a kilohaz 4996 da 9996 da 14996, ta wuce kowa: bayan DUT1 tana ƙara wani gyaran mai matakin sakan 0.02.

To ranar da tazarar ta haura abin da gurbin zai ɗauka, me tasha za ta yi? Zaɓin duk masu ɗaci ne. Za ta iya mayar da gurbin sifili, sai dai na'urar da ke karantawa za ta fahimci cewa UT1 da UTC sun yi daidai, wanda ƙarya ce da aka faɗa da murya mai ƙarfi. Za ta iya barinsa a maƙure a 0.8 ko 0.9, kuskuren ya riƙa girma a ɓoye. Za ta iya aika ɓangaren da bai kai sakan ba kawai, ta bar wa mai amfani ya nemo cikakkun sakan daga wani wuri. Wannan yana da ma'ana ga mutum, amma tsohuwar na'ura za ta haɗiye shi a matsayin cikakkiyar amsa. Ko kuma a sake fasalin saƙon baki ɗaya. A nan ne wahalar take, domin minti guda sakan 60 ne, mafi yawan guraben an riga an ba minti, awa, rana, shekara, sauyin agogo na lokacin bazara da bit na tantance kuskure, kuma akwai miliyoyin agoguna a gidajen mutane da ba a iya sauya musu manhaja. Duk sabon fasali dole ya wuce ta gabansu ba tare da ya rikita su ba. A ganina hanya mafi tsabta ita ce a yi amfani da guraben DUT1 na yanzu a rarraba babbar lamba a kan mintuna da dama, tunda lamba ce da ba ta sauyawa da sauri, tare da wata alama da za ta sa tsohuwar na'ura ta ƙi karɓa maimakon ta karɓa a karkace. Na'urar da ta ce ba ta da amsa ta fi wadda ta ba da amsar banza aminci.

Ga mafi yawan masu sauraro kuwa, sauyin alheri ne. Agogon bango ba ya duba DUT1. Abin da ke ba shi wahala shi ne minti mai sakan 61. DCF77, alal misali, tana nuna ƙarshen minti ne ta hanyar yin shiru a sakan na 59. A mintin ƙarin sakan sai ta buga na 59 ta yi shiru a na 60. Agogon da ba a rubuta masa wannan ba zai ƙirga bit ya ga sun yi yawa, ya watsar da saƙon, ya zauna da kuskuren sakan guda har sai ya sake kamawa, wanda a wasu agogunan sai dare na gaba. Idan ƙarin sakan ya tafi, wannan matsala ta tafi da shi.

Mu koma kan taurarin ɗan adam. GPS yana da nasa lokacin da ba ya tsalle. An daidaita shi da UTC ranar 6 ga Janairu 1980, tun daga nan bai karɓi ƙarin sakan ko ɗaya ba, shi ya sa yake gaban UTC da sakan 18 tun farkon 2017, yake kuma bayan TAI da sakan 19 har abada. Lissafin wuri gaba ɗaya a wannan lokacin ake yinsa. UTC ado ne da ake ɗorawa a ƙarshe don a nuna wa mutum: tauraron yana aiko da adadin sakan da za a cire a shafi na 18 na kashi na 4 na saƙonsa, shafin da ke zagayowa sau ɗaya a minti 12 da rabi. Wannan ne ya sa na'urar da ta daɗe a kashe takan nuna wuri daidai nan take amma agogonta ya kauce da sakan ɗaya ko biyu na wasu mintuna, tana amfani da tsohon adadin da aka rubuta mata a masana'anta kafin shafin ya iso. Idan aka daskarar da adadin, wannan ma ya wuce.

Akwai wani ɗan tarko a nan da ya cancanci a ambata. Gurbin da ke faɗin makon da za a yi ƙarin sakan bit 8 ne, ba ya ƙirga fiye da mako 256, wato ƙasa da shekara biyar kaɗan. Idan aka daɗe ba a ƙara ba, lambar tsohon makon takan sake zagayowa, na'urar da ba a rubuta da kyau ba ta ɗauka yau ce ranar. Hakan ya faru a ƙarshen Nuwamba 2003, mako 256 bayan ƙarin sakan na ƙarshen 1998, inda wasu na'urori suka nuna kwanan wata ba daidai ba na ɗan lokaci. Zaman shekaru aru-aru ba ƙari yana nufin wannan zagaye zai riƙa dawowa, don haka abu ne da masu ƙera na'ura za su gwada.

Akwai wasu tsare-tsaren taurari irin na GPS. Galileo na Turai yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da lokacin GPS. BeiDou na Sin ya fara ƙirga daga 1 ga Janairu 2006, yana gaban UTC da sakan 4, yana bayan GPS da 14. Su ma ba sa tsalle. GLONASS na Rasha ne ya fita daban: lokacinsa UTC ne na Rasha da ƙarin awa uku, kuma yana tsallen tare da UTC. Duk daren ƙarin sakan, taurarin da na'urorin ƙasa dole su yi tsallen a tare. Tauraro yana gudun kusan kilomita 4 a sakan, don haka na'urar da ta yi lattin sakan guda za ta ajiye shi a inda ba ya nan, nisan da ta auna ya kauce da ɗaruruwan mitoci. Na'urar da ke haɗa GPS da GLONASS kuwa ba za ta iya haɗa su ba sai ta san adadin sakan da ke tsakaninsu daidai. Za ka ce to ai GLONASS ne zai fi kowa cin ribar daina tsallen, kuma a ƙarshe haka ne. Matsalarsa ita ce saƙonsa yana ɗauke da tazarar UT1 da UTC a gurbin da aka yanka wa iyakar sakan 0.9, kuma faɗaɗa shi yana buƙatar sababbin taurari da sababbin na'urori. Dalilin neman 2040 ke nan.

Kada a fahimci cewa GPS ba ya buƙatar UT1. Yana buƙata ƙwarai, sai dai ba a aljihunka ba. Ana lissafa hanyar tauraro a sararin da ba ya juyawa, sannan a juyo da ita kan duniya mai juyawa, kuma wannan juyin sai da UT1 mai daidaito ƙasa da milisakan ɗaya. Cibiyoyin kula da taurarin suna samun sa daga ma'aunin manyan eriyoyin rediyo da ke nahiyoyi daban-daban, waɗanda ke kallon wasu halittun sama masu tsananin nisa da ake kira kwasar a lokaci guda. Ba su taɓa dogara da iyakar 0.9 ba, domin ta yi musu girma tun asali. Abin da tauraro ke aiko maka an riga an juya shi.

Wanda abin ya shafa kai tsaye shi ne matuƙin da ke riƙe da sekstan, na'urar auna tsayin rana ko tauraro daga inda sama ta haɗu da teku. Duniya tana juya digiri 15 a awa, wato mintin kusurwa 15 a minti (mintin kusurwa kashi ɗaya ne cikin 60 na digiri), ko mintin kusurwa ɗaya a kowane sakan 4. Mintin kusurwa ɗaya a kan Ikweta mil ɗaya ne na ruwa, mita 1,852. Kuskuren sakan guda a agogo ke nan ya zama kimanin mita 465 gabas ko yamma. Littafin almanak na matuƙa, wanda ofisoshin Birtaniya da Amurka ke fitarwa tare kowace shekara, an jera shi ne bisa UT1. A yau matuƙi yana saita agogonsa da rediyo, ya shiga littafin da UTC kai tsaye, mafi munin abin da zai same shi mita 420 ne, alhali awon sekstan a kan jirgi mai tangaɗi da ƙyar yake fin mil guda daidaito. Shi ya sa da yawa ba su taɓa damuwa da DUT1 ba, duk da cewa littafin yana da ɗan jadawalin gyaran.

A ɗauka an kai shekarar da DUT1 ya zama ragin sakan 12. Matuƙi ya auna taurari uku da magariba, ya rubuta lokacin kowanne da UTC, ya buɗe almanak bai gyara ba. Ya shiga littafin da lokacin da ya wuce na gaskiya da sakan 12, don haka kusurwar kowane tauraro daga layin Greenwich, inda ake fara ƙirga gabas da yamma, ta fi yadda take da minti 3. Wurin da zai zana a taswira zai faɗi yamma da inda jirgin yake da mil 3 na ruwa a Ikweta, kusan kilomita 5 da rabi. A latitud 60 rabin haka. Abin da ya fi tayar min da hankali a nan shi ne kuskuren ba ya tona kansa. Matuƙa sukan duba ɗan kusurwa-ukun da layukan taurari uku suka bari a inda suka haɗu: in ƙarami ne, awo ya yi kyau. Amma kuskuren agogo yana tura layukan uku gaba ɗaya gefe guda da adadi guda, kusurwa-ukun ya fito ƙarami tsaf, a wurin da ba shi ba. Latitud, wato matsayin jirgi arewa ko kudu, ba ya taɓuwa, awon tsakar rana da na tauraron arewa suna nan daidai, wanda ke ƙara wa mutum sakankancewa. Idan tazarar ta kai minti guda, kuskuren mil 15 ne, kusan kilomita 28. Wannan ba gobe ba ne, sakan 27 aka tara a shekara 45, amma sakan 4 kacal sun isa su kai mil guda.

Gyaran kansa ba wuya. UT1 shi ne UTC a haɗa da DUT1 tare da alamarsa. Ka rubuta lokacin awo da UTC, ka cire ko ka ƙara kuskuren agogon jirgi kamar kullum, sannan ka haɗa DUT1, sai ka buɗe almanak. In ka riga ka zana wurin, ka matsar da shi mintin kusurwa ɗaya na lonjitud a kan kowane sakan 4: gabas idan DUT1 ragi ne, yamma idan ƙari ne. Inda mutane za su fi faɗawa shi ne juya alamar, wanda ke ninka kuskuren maimakon ya share shi, da kuma gyara sau biyu, idan manhajar lissafi ta riga ta gyara a ciki matuƙi bai sani ba. Tambayar gaske ita ce daga ina za a samo lambar. IERS tana wallafa ta a intanet, hukumar NIST ta Amurka tana da sabar da ke ba da UT1 kai tsaye, sababbin saƙonnin GPS ma suna ɗauke da bayanan juyawar duniya. Amma wanda ya ɗauko sekstan da gaske shi ne wanda GPS ya mutu masa, ko aka toshe siginar, ko wutar jirgi ta ɗauke. Ba daidai ba ne a ce madogararsa ta ƙarshe ta rataya a kan abin da ya rasa. Sa'ar da aka yi ita ce lambar tana tafiyar hawainiya, milisakan kaɗan a yini in ta yi yawa. Wadda aka rubuta a littafin jirgi ranar tashi za ta yi aiki tsawon tafiyar, wadda aka buga a bangon almanak na shekara ma kuskurenta ba zai wuce na yau ba sosai. Don haka maganin na horo ne: a koya wa ɗalibai gyaran tun yanzu da yake ƙarami, a sa masa layi a takardar lissafi, ya zama al'ada kafin ya zama larura. Duk da haka ina ganin ya kamata tashoshin gajeren zango su riƙa faɗin lambar da murya, domin ƙaramar rediyo mai batir ita ce abu na ƙarshe da ke mutuwa a jirgi.

Wani ɓangaren jiragen ruwa kuma riba zai ci. Na'urar AIS, wadda jirage ke sanar da juna matsayinsu da ita, tana raba kowane minti na UTC gida 2,250, kowane jirgi ya yi magana a gidansa. Sakan ɗaya gida 37 da rabi ne. Wannan rabin shi ne masifar: na'urar da ta kauce da sakan guda za ta riƙa fara magana a tsakiyar gidan wani, ta ɓata saƙo biyu. Lokacin da ba ya tsalle ya fi dacewa da irin wannan tsari nesa ba kusa ba.

Bayan matuƙa, waɗanda za su ji a jikinsu su ne masu nuna wani abu zuwa sama. Madubin hangen taurari yana kaucewa da sakan kusurwa 15 a kan kowane sakan na lokaci. Manhajoji da dama na bin sawun taurarin ɗan adam suna ɗaukar UTC su zuba shi a inda lissafi ya nemi UT1, domin kuskuren bai taɓa kai abin damuwa ba ga eriya mai faɗin gani. A tsayin taurarin ɗan adam da ake gani tsaye a wuri guda a sama, kilomita 42,164 daga tsakiyar duniya, sakan guda ya kai kilomita 3. Wasu manhajojin kuma suna karanta DUT1 amma an sa musu shinge: in ya wuce 0.9 su ɗauke shi gurɓataccen bayani su ƙi aiki, ko gurbin da aka ware masa a fayil ba ya ɗaukar lamba biyu kafin ɗigo. Irin waɗannan ba sa fashewa rana guda kowa ya gani. A hankali eriya za ta riƙa rasa sigina, a yi ta zargin injin juyawa ko iska.

Akwai kuma abin da ya fi 2035 kusa. Tun wajajen 2020 duniya ta ɗan ƙara sauri. Ranar 29 ga Yuni 2022 ta gaza sakan 86,400 da milisakan 1.59. Idan haka ta ɗore, UT1 zai wuce gaban UTC har a buƙaci cire sakan, agogo ya tashi daga 23:59:58 ya faɗa 00:00:00. Ƙa'ida ta yarda da haka tun 1972 amma ba a taɓa yi ba. Masanin ƙasa Duncan Agnew ya wallafa a mujallar Nature a 2024 cewa hakan na iya zuwa wajajen 2029, kuma narkewar ƙanƙarar Greenland da Antatika ce ta jinkirta shi da kimanin shekara uku. Tashoshin ba su shirya daidai da juna ba. JJY tana da bit biyu, tana iya cewa ƙari ne ko ragi. MSF ta tanadi share sakan na 16, tunda a irin wannan lokaci guraben ragi fanko suke, amma ba ta da gargaɗi kafin lokaci. Bit na 19 na DCF77 kuwa cewa kawai yake wani abu na tafe, bai faɗi wane iri ba, haka ma sakan na 56 na WWVB, sai dai a can na'ura mai wayo za ta iya ganewa daga alamar DUT1. Na'urar da aka rubuta wa cewa gargaɗi yana nufin ƙari za ta ƙara a inda ya kamata ta rage, ta wayi gari da kuskuren sakan biyu.

In kana kula da wata na'ura ko manhaja, ga abin da za ka bincika. Ka nemo duk inda ake lissafa lokacin taurari ko kusurwar Greenwich, ka ga ko UT1 na gaske ake ba shi ko UTC. Ka duba faɗin gurbin DUT1 da duk wani shingen 0.9 ko 1.0. Ka samu na'urar kwaikwayon sigina ka gwada abu uku: DUT1 na sakan 5 da na ragin sakan 70, minti mai sakan 59, da zagayowar mako 256 ba tare da ƙari ba. Ka tabbatar ba a haɗa sabar da ke narkar da ƙarin sakan a hankali cikin awa 24, kamar yadda Google ke yi, da wadda ke tsalle lokaci guda ba, domin a tsakiyar narkarwar za su saɓa da rabin sakan. Kayan jirgin ruwa da na tashar eriya sukan yi shekara 20 ko 30 suna aiki, don haka wanda za a saya bana zai ga 2035 yana kan aiki. A rubuta waɗannan gwaje-gwaje cikin sharuɗɗan saye, a kuma nemi hanyar shigar da DUT1 da hannu idan babu wata kafa.